Babi na Huɗu: Ƙaramar Mota a Ƙasar Zafi

Yawancin ƙananan motocin da ke bin titunan Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da tsufansu suka iso hannunmu. Golf 3 ɗin nan da ke jigilar fasinja daga gari zuwa gari, a 1991 kamfanin Volkswagen ya fara fitar da ita, kuma kafin shekara ta 2000 ya daina ƙera ta. Ke nan ko autar cikinsu ta ba shekara ashirin da biyar baya. Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda ma'aikata da 'yan kasuwa ke rububi, sai da ta yi wa wani aiki shekara da shekaru a Amurka ko Kanada kafin a loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Civic ma da tsufanta ta iso, haka Peugeot 206, haka Starlet da aka daɗe ana tasi da ita a Yamai.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare, waɗannan motoci suka ƙara daraja. Litar da ake saye wajen naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa. Mutane da dama suka jingine manyan motocinsu masu silinda shida, suka koma wa mai silinda huɗu. Magidancin da Allah ya hore wa guda a yau ya san ba lallai ya iya sayen wata nan kusa ba.

In ka tambayi mutane me ke kashe mota a ƙasar nan, za su ce maka zafi da ƙura da ramukan hanya. Da gaskiyarsu. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ba inda ba ta shiga. Amma ni a ganina abin da ya fi yi wa ƙaramar mota illa shi ne dabarun da muke yi mata da sunan daidaita ta da yanayinmu. A cire abin da bai kamata a cire ba, a zuba mata abin da ba nata ba, in ta lalace kuma a ɗora wa rana laifi. Mai motar da ya san yadda ruwa da baƙin mai da iska ke aiki a cikin injinsa zai iya cewa a'a a gareji, cikin mutunci, kuma da hujja.

Tamostat da ruwan lagireto

Cikin fetur ɗin da inji ke ƙonawa, wanda ke zama ƙarfin juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Saura duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi. Famfon ruwa na tura ruwan ta wasu 'yan hanyoyi a jikin inji, ya ɗebo zafi ya kai lagireto, iska ta huce shi, ya sake komawa. Tsakanin inji da lagireto akwai wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, shi ne tamostat. A cikinsa akwai kakin da ke narkewa ya kumbura in ya ji zafi, kumburin ya tura wata 'yar ƙofa ta buɗe. Muddin inji na da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa na zagayawa cikin inji kawai har ya ɗumama. In zafi ya kai wajen digiri 82 a yawancin injunan Toyota, ko wajen 87 a na Golf, sai ta buɗe ruwa ya wuce lagireto. Da haka inji ke zama a kusa da digiri 90, kuma a kan wannan zafin masu ƙera shi suka auna komai: tazarar da ke tsakanin fistin da silinda, da kaurin mai, da yawan fetur ɗin da za a fesa.

To, wannan ɗan ƙarfe shi ake fara cirewa da zarar mota ta taka gareji. Bakanike zai ɗago shi ya nuna maka, ya ce, "Alhaji, wannan don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Mu nan ba ruwanmu da shi, shi ke riƙe zafi." Ya wurga shi cikin tarin ƙarafa, mai mota ya yi godiya.

Ba mugunta ce ta haifi al'adar ba. Manyan makanikanmu sun koyi aiki ne a kan irin su 504, tun zamanin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, motoci masu kafireta da ba kwamfuta a jikinsu. Kuma gaskiya ne tsohon tamostat kan maƙale a rufe, ruwa ya kasa isa lagireto, mota ta tafasa. In haka ta same ka a daji tsakanin Funtuwa da Gusau, cire shi dabara ce mai kyau da za ta kai ka gida. Inda aka yi kuskure shi ne da dabarar kwana ɗaya ta zama ƙa'ida, har ana yi wa lafiyayyar mota.

Motar zamani tana da na'urar da ke auna zafin ruwa ta sanar da kwamfuta. Inji mai sanyi yana bukatar ƙarin fetur, don haka muddin na'urar na cewa da sanyi, kwamfuta za ta yi ta ƙara fesawa. Da asubar hunturu, ko a doguwar hanya inda iska ke dukan lagireto da ƙarfi, injin da ba tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, wani lokaci har a isa inda za a je bai kai ba. Kuɗin mai ya ƙaru. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka sauran. Ringi da silinda su yi ta cin juna a hankali. Ba a ganin wannan ɓarna a wata ɗaya ko biyu. Sai an daɗe mota ta fara hayaƙi, a ce ai ta tsufa.

Abin takaicin ma shi ne sau da yawa cirewar ba ta hana tafasa. A injuna da yawa tamostat na da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke toshe gajeriyar hanyar cikin inji idan babbar ƙofa ta buɗe. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi zai yi ta bin gajeriyar hanyar bai leƙa lagireto ba. Sai ka ga mota ta yi sanyi a babban titi, ta tafasa a cunkoson kasuwa. Ainihin ciwon da ya kawo ta gareji kuwa, ko lagireto ne ya toshe, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya cinye, yana nan ba a taɓa shi ba.

Wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya ga Corolla da Camry birjik a Makka da Madina da Jidda, inda zafin rani bai gaza namu ba. Da tamostat kamfani ke sayar da su a can. Gwada shi ma ba wuya. A saka shi a tukunyar ruwa a ɗora kan wuta. In ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe da ya huce, lafiyarsa ƙalau, a mayar da shi. In bai motsa ba a sayi sabo.

Ƙanwar wannan al'ada ita ce haɗa fanka kai tsaye da makulli, ta yadda da an tayar da mota za ta kama juyawa ba tsayawa. An yi ta ne ta tashi in zafi ya kai wani mataki, ta tsaya in ya sauka. Wadda ba ta hutawa da wuri take ƙonewa, tana kuma jan wuta a banza. Galibi abin da ya lalace ɗan suwic ne ko rile ko fiyus, kuma mai gyaran wuta da ya san aikinsa ba zai sha wuyar gano shi ba.

Sai ruwan kansa. Leƙa cikin tukunyar mai shayi ka ga farin ɓawon da ruwan rijiya ke bari a jikinta bayan an daɗe ana tafasawa. Irin wannan ɓawo ne ke taruwa a siraran bututun lagireto in ana zuba masa ruwan rijiya ko na burtsatse, ga tsatsa a jikin ƙarfe, ga cin da ruwa zalla ke yi wa alminiyam. Ruwan nan mai launin kore ko ja da ake kira kulan, mutane na ɗauka don hana daskarewa kawai aka yi shi, saboda haka ba namu ba ne. Yana hana daskarewa, amma kuma yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. Wani an riga an haɗa shi, zubawa kawai za a yi. Wani kuma sai an gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. A karanta jikin galan, a kuma sayi na kamfanin da aka sani, don akwai na kasuwa da ba komai a cikinsa sai ruwa da launi. Wani gargaɗi ga masu iyali: kulan guba ne, kuma yana da ɗan zaƙi. Kada a juye shi a gorar lemo, kada a bar shi inda yaro ko dabba za su kai baki.

Murfin lagireto ma ba murfi ba ne kawai. Dubi samansa za ka ga an buga lamba kamar 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma a matse sai ya kai wajen 120. Murfin da robarsa ta cinye ba ya riƙe matsi, sai ruwa ya yi ta tafasa yana raguwa, mai mota na ƙarawa kullum da safe yana neman inda ke yoyo. An sha sauke inji a kan abin da sabon murfi zai warware.

In kana tafiya ka ga allurar zafi ta wuce tsakiya tana hawa, kashe na'urar sanyaya mota, ka nemi gefe ka tsaya. Kada ka ce bari in ƙarasa, saura kaɗan. Kan silinda na waɗannan motoci na alminiyam ne, 'yan mintuna cikin matsanancin zafi sun isa su lanƙwasa shi, gasket ya ƙone. Kashe inji, ka ɗaga bonet, ka jira aƙalla rabin awa. Kada ka taɓa murfin lagireto da zafinsa, ko da tsumma, don ruwan da ke ciki a matse yake, zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi. In ya huce ka cika ruwa, ka tayar, ka duba ko fanka na tashi, ka duba ƙasa ko akwai ɗiga. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya rikiɗe ya yi fari-fari, duk alamun gasket ne. A nan janwe za a nema.

Baƙin mai, da abin da inji ke shaƙa

A jikin kowane galan na mai akwai lambobi biyu, kamar 5W-30 ko 20W-50. Ta farko na nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa in ya kai digiri 100. Shawarar da aka saba ji a wurin juye ita ce, "Maigida, da zafin nan sai mai kauri." Amma mun riga mun ga cewa injin da ke da tamostat a kusa da digiri 90 yake zama, a Kano yake ko a Toronto. Corolla ta 2003 da ta fito daga Amurka, a kan murfin manta aka rubuta 5W-30. Injinta na da tsarin VVT-i, wanda ke amfani da matsin mai ta wasu ƙananan kafofi wajen sauya lokacin buɗewar bawul. Mai kauri na jinkirin isa waɗannan kafofi, musamman a daƙiƙun farko bayan an tayar da mota, lokacin da inji ya fi cin kansa.

Ban ce 20W-50 ba shi da wuri ba. Tsohuwar Golf da injinta ya riga ya buɗe, tana aikin haya rana da dare, mai kauri kan taimaka mata ta riƙe matsi. Abin da nake ja da shi shi ne a zuba wa kowace mota mai iri ɗaya don shi ke cikin shago. Haka man giya a mota mai giyar atomatik: Toyota na da nata, Honda na da nata, kuma zuba wanda ba shi ba na daga cikin hanyoyin da giya ke mutuwa da wuri.

Littattafan motoci kan ba da jadawali biyu na juye, ɗaya na tuƙi mai sauƙi, ɗaya na wahala, wato ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye. Duk muna cikin na biyu. Shawarata ita ce kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta kowane juye. A lura, motar da ta fito daga Amurka da mil take lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka mil 3,000 ya kusa kilomita 5,000 ke nan. A sayi mai a rufe da hatiminsa, a tsaya a ga an buɗe shi an zuba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba wanda zai iya rantse maka daga ina ya fito.

Tsakanin juye da juye, zare sandar awon mai sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da mota, a wuri mai daidai. Injunan Corolla na farkon shekarun 2000 an san wasunsu da shan mai saboda yadda aka ƙera fistin da ringinsu, kuma mota na iya shanye lita guda ba tare da ɗigo ɗaya a ƙasa ba. Jar fitilar nan mai siffar butar mai kuwa, in ta kama ana cikin tafiya, tana nufin matsin mai ya faɗi, ƙarfe na goga ƙarfe. Tsayawa ake yi nan take. Wanda ya ci gaba, shi ne ake cewa injinsa ya buga.

Kowace litar fetur na bukatar iska kusan lita 9,000 kafin ta ƙone daidai, kuma duk ta cikin filtar iska take wucewa. A hunturu a riƙa duba ta kowane wata. Kaɗe ta a hankali ba laifi, amma hura ta da iskar kwamfaresa mai ƙarfi kan yaga takardar, ƙura ta samu hanya zuwa silinda. Wadda ta yi baƙi ko ta huje a sauya ta, ba ta da tsada.

Famfon fetur a cikin tanki yake zaune, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya cika tanki ba. Duk da haka, yawo kullum da fitilar mai a kunne na gajarta ransa, don haka a yi ƙoƙari kada allura ta riƙa sauka ƙasa da kwata. Ingancin man ma abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar da haka, motoci da dama suka lalace. In man gidan mai na iya zuwa da matsala, ina ga na bumburutu da ya kwana a jarka a rana.

Akwai kuma bel ɗin da ke haɗa juyawar sama da ƙasan inji, tayimin bel. Na Golf 3 da 206 da Civic har zuwa ƙirar 2005 na roba ne, ana sauya shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 gwargwadon mota. Ba ya ƙara kafin ya tsinke, kuma a 206 da Civic in ya tsinke fistin na dukan bawul ya lanƙwasa su. Wanda ya sayi mota bai san tarihinta ba, ya sauya shi a watan farko. Corolla ta 2003 sarƙa gare ta, ita tsaftataccen mai kawai take bukata.

In ta fara ƙorafi

Murɗa makulli zuwa matakin da ke kafin tayarwa, ka dubi allon gaban direba. Ya kamata duk fitilun gargaɗi su kama, sannan su ɗauke bayan inji ya tashi. In fitilar nan mai siffar inji ba ta kama ba sam, to wani ya cire ƙwan ko ya manna mata baƙin tef daga ciki. Ana yin haka kafin a kai mota kasuwa, kuma duk mai shirin saye ya kamata ya fara da wannan gwaji tun kafin ya zauna da dillali.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, duk suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta kwamfutar mota. Na'urar lamba take bayarwa. P0301 na nufin silinda ta ɗaya na ƙetare wuta. P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa. P0128 kuwa na nufin inji ba ya kai zafin da ya kamata, lambar da motocin da aka cire wa tamostat ke yawan nunawa. Sai dai lamba alama ce ta ciwo, ba ta faɗin wane kaya za a saya. Ƙetare wuta na iya zama fulogi, ko kwayil, ko nozul, ko bawul. Bakanike nagari zai ɗauke kwayil ɗin silinda ta ɗaya ya mayar ta biyu, ya ga ko lambar ta bi shi. Wanda ya ce a sayo duka huɗun kafin ya gwada, da kuɗinka yake koyon aiki. In fitilar na walƙiya maimakon ta tsaya cak, a rage gudu a nufi gareji, don ɗanyen fetur na shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙi. Matatar nan na ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake sayenta ko ta mutu. In aka ce maka ta toshe sai an cire, ka nemi hujja, in kuma an cire ka karɓi abinka.

Ranar da mota ta ƙi tashi, kunne ne kayan aiki na farko. In ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ƙas-ƙas kawai, fitilu na dushewa, matsalar batir ce ko kawunansa sun yi gishiri ko sun saki. Lafiyayyen batir na nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka da inji a kunne, altaneta ne ba ya caji, kuma sabon batir ma zai mutu cikin 'yan kwanaki. In fitilu na da haske amma inji bai juya ba, a duba kik. In kuma yana juyawa da ƙarfi bai kama ba, to ko fetur ko wuta ne ba su isa ba: kashe rediyo, murɗa makulli rabi, ka saurara ta wajen kujerar baya, ya kamata ka ji famfon fetur ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu. Mota mai giyar atomatik ba ta tashi da turi, kada a wahalar da yaran unguwa.

Launin hayaƙi ma na magana. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi, fetur ya yi yawa.

Maganar taya ta wuce ta kuɗi, ta rai ce. A gefen kowace taya, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. In ka ga 3521, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar yin ta. Tayar gwanjo na iya zuwa da zanenta raɗau alhali robarta ta bushe, sai kwalta ta yi zafi da azahar ta fashe. Iskar da ta dace yawanci a rubuce take a jikin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 32 a ƙaramar mota. Masu faci da yawa kan bugo 45 ko 50, suna ganin taurin taya shi ne lafiyarta, alhali tayar da ta yi tauri da yawa ba ta kama ƙasa sosai, birki na ƙara nisa. Faɗa masa awon da kake so, ka tsaya ka ga ma'aunin, kuma da safe ake awo kafin taya ta yi zafi. A jikin ƙofar dai za ka ga nauyin da motar za ta iya ɗauka, wanda a irin waɗannan motoci yake wajen kilo 400 zuwa 500, har da direba. Manya biyar da buhun shinkafa biyu sun kai iyaka. Golf ɗin da ke ɗaukar mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure kaya da igiya, birkinta da tayoyinta ba a yi su don wannan ba.

Duk wannan bayani ba don mai mota ya koma bakanike ba ne, ko ya raina wanda ya yi shekara ashirin a ƙarƙashin motoci. Samu mutum ɗaya mai amana ka riƙe shi, ka biya shi kuɗin bincike ko bai kwance komai ba, don wanda ba a biyan sa sai ya sauya kaya, dole ya nemo abin sauyawa. In za a sayo kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, a faɗa maka sabo ne na asali, ko na Beljiyam, ko mai araha, ka zaɓa da saninka. Na Beljiyam na da amfani a irin su ƙofa da fitila da kik, amma bel da fulogi da takalmin birki da tamostat sababbi ake saye. Ajiye ɗan littafi a cikin mota, kana rubuta ranar kowane aiki da lambar kilomita.

Kafin bazara mai zuwa ta kama, ɗauki motarka ka kai ta gareji da sanyin safiya, ka ce a buɗe a duba ko tamostat na nan. In babu, a sa sabo, a wanke lagireto, a zuba kulan, a sauya murfi, a mayar da fanka kan suwic ɗinta. Ka tsaya a wurin har allura ta hau tsakiya ta zauna, ka ji fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta, sannan ka biya ka tafi.